Kogin da Ya Iya Guga

Inna Kumfa ce ta fara ɗaga hannu a taron, kuma ba ta da bakin musu, domin mutum ashirin sun gani da idonsu.

A ajin 'yan firamare da ke kusa da gada aka zauna, ran Asabar da hantsi. Manyan mutane duk sun cusa kansu a bencin yara, gwiwa tana neman taɓa haɓa. Duba-gari, wata doguwar mace mai farar riga wadda ba ta dariya sai ta tashi daga aiki, ta tsaya gaban allo ta faɗi abin da ya kawo ta. Kogi ya lalace, ƙorafi ya ishi hukuma, an ba masu sana'a a bakin ruwa wata ɗaya su gyara da kansu, in ba su gyara ba a zo a tashi kowa.

Masunci, dattijon da ya kai ƙarar, ya miƙe. Buhu kawai ya kwance, ya zazzage matattun kifaye a kan teburin malami, ya koma ya zauna. Nan da nan aka buɗe tagogi.

Magudanai huɗu ne ke zuba a kogin a wannan unguwa. Daga sama akwai ta mayanka, sai ta garejin Bakanike, sai ta gidan kaji, sai can ƙarshe, ƙasan gada, ta rumfar wankin Inna Kumfa. Masu magudanan nan duk suna cikin ajin, kuma kowannensu ya zo da sunan mai laifi a bakinsa. Mahauci ya ce baƙin mai ne, ai kowa yana ganin yadda yake ƙyalli a kan ruwa. Bakanike ya ce shi dai bai taɓa ganin baƙin mai ya tara ƙuda ba. Mai Kaji, wadda yayar mijin Inna Kumfa ce, ta ce kashin kaji taki ne, kamata ya yi ma a gode mata. Aka yi ta cacar baki har warin kifin kan tebur ya fara korar na gaba zuwa baya.

Duba-gari ta ƙwanƙwasa allo, ta zaro farin yadi daga jaka, ta yaga shi huɗu. Ta ce ran Litinin za a kafa turke a bakin kowace magudana, a ɗaura ƙyalle ɗaya daidai inda ruwan zai riƙa bi ta cikinsa. Ran Alhamis da safe a bi su ɗaya bayan ɗaya a kwance a gaban kowa. Ita niyyarta kowa ya ga abin da yake zubarwa, shi ke nan. Mahauci ne ya ƙara wa maganar gishiri, don yana da tabbacin Bakanike ne zai kwana ciki.

"Wanda ƙyallensa ya fi datti," in ji shi, "ya kwashe kayansa ya bar bakin kogi. Mu huta, hukuma ta huta. Wa ya yarda?"

Kafin ya rufe baki hannun Inna Kumfa yana sama. Me zai hana? Ita da sana'arta tsabta ce.

Shekara talatin da ɗaya tana wanki a rumfar nan, a kan dutsen da uwarta ta yi wanki a kai har ya yi santsi ya lotsa a tsakiya. Rumfar ce ta ciyar da 'ya'ya biyar, ita ce kuma ta riƙe gidan tun da ciwon gwiwa ya raba mijinta da tuƙi. In aka tashe ta, babu inda za ta kai ta. Rijiyar da take ɗiba tana nan, igiyoyin shanya suna nan, iskar da ke busar da zanen gado cikin awa guda ma a nan take. Amma ko a mafarki ba ta kawo wa ranta cewa ita ake iya kora ba. Ruwan sabulu ne fa ke fita daga wajenta. In ma wani abu ne, ai wanka take yi wa kogin.

Rabin unguwar ita ke yi wa wanki, kuma dokokinta biyu ne. Ta farko, babu tufar da za ta taɓa ruwa sai ta ɗinka mata alama a lungu, don kada kayan wani su tafi gidan wani. Mahauci jan zare ne, Bakanike baƙi, Mai Kaji rawaya, farar rigar Duba-gari kuwa kore. Hannunta ke yin ɗinkin da kansa tana hira, ko kallo ba ta yi. Doka ta biyu, abin da ta gani a aljihu ko a jikin tufa, a rumfa ya mutu. Ta san mai shan magani a ɓoye, ta san wanda ake rubuto wa wasiƙa da turare. Mijinta, wanda har yau ake kira Direba ko da yake shekara takwas ke nan dutsen guga yake tuƙawa, ya yi shekaru yana lallaɓa ta ko sau ɗaya ta tsegunta masa wani abu, bai samu ko ƙwaya ba.

Ran Litinin Duba-gari da Masunci suka bi magudanai suka ɗaura ƙyallaye. Inna Kumfa ba ta ko raka su ba, domin bututunta ta ƙarƙashin ƙasa ya bi ya ɓulla can ƙasan gangare cikin dogayen ciyayi, inda ta yi shekaru ba ta sauka ba. Ta ci gaba da aikinta yadda ta saba. Litinin rigunan mayanka, Talata kayan gareji.

Ran Laraba da tsakar rana, lokacin da titi ya yi tsit, sai ta ga ciyawar bayan rumfa tana motsi. Mahauci ne, ƙaton mutum, yana ta ƙoƙarin zama ƙarami.

"Inna, sannu da aiki."

"Yauwa, sannunka. Yau ba ranar kawo kayanka ba ce."

"E, wani ɗan hankici ne. Ya ɗan faɗa wani wuri."

Ya zaro leda daga ƙarƙashin riga. Ta buɗe, ta yi maza ta rufe. Hankici mai faɗin rabin tebur, da shatar igiyar turke a kusurwa, ya rine ya koma ja-ja baƙi-baƙi, kitse ya daskare a jikinsa.

"Lallai murar nan ta kama ka da kyau," in ji ta.

Mahauci ya dubi rufin rumfa. "Kafin gari ya waye za a samu?"

"Za a samu."

Yana ɓacewa cikin ciyawa ta kifa kai a kan tulin wanki ta yi ta dariya ba sauti, kafaɗunta suna rawa. Direba ya ɗago daga teburin guga ya ce lafiya? Ta ce lafiya lau, wani abu ta tuna.

Ba ta gama share hawaye ba sai ga Bakanike, wai ya zo duba mariƙin dutsen guga da ya ji an ce yana girgiɗi. Babu wanda ya ce. Ya jujjuya dutsen, ya ƙwanƙwasa shi, ya yaba lafiyarsa, sannan ya matso kusa da ita ya ce af, ga wani tsumman goge hannu nan ma, in ba damuwa. Tsumman ya yi baƙi ƙirin, har naso yake yi ta cikin takardar da aka naɗe shi.

Tana cikin karɓa suka jiyo muryar Mai Kaji daga bakin titi tana sallama. Bakanike ya yi wuf ya shige bayan zanen gadon da ke shanye. Zanen ya rufe shi tun daga kai har ƙwauri, ya bar takalma.

Mai Kaji ba ta san ƙofar baya ba a rayuwarta. Ta shigo da faɗinta, ta dangwarar da ƙunshi a kan dutsen wanki.

"Amaryarmu, karɓi nan. Kada ki tambaye ni."

Shekara talatin da biyar da aure, har yau amarya take kiran ta.

"Yaya, ai ban ce komai ba."

"Idonki ya ce." Ta juya za ta fita, sai idonta ya sauka a kan takalman da ke ƙarƙashin zanen gado. Ta tsaya ta dube su da kyau. Takalman suka ɗan ja da baya. Ta ce, "Har takalma kike wankewa yanzu?"

"Kasuwa ta buɗe, Yaya."

"Allah ya ƙara buɗi," in ji Mai Kaji, ta fita tana gyara mayafi, ba ta ƙara waiwayowa ba.

Daga nan Inna Kumfa ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi. Manyan bakin kogi uku, waɗanda ran Asabar suke ɗaga murya kamar za su fasa tagogin aji, duk sun zo sun ajiye mutuncinsu a kan dutsenta. Ta zare allura tana waƙa, ta jawo baho uku, don mai wankin da ta san aikinta ba ta haɗa jini da baƙin mai a ruwa ɗaya. Ta jiƙa, ta cuɗa, ta dafa na Mahauci a ruwan zafi, ta bi na Bakanike da kananzir da toka, na Mai Kaji kuwa sai da ta toshe hanci da bakin ɗankwali. Tana yi tana tsara yadda gobe za ta kasance. Ƙyalle huɗu, duka farare tas. Ba mai datti, ba wanda za a kora, kowa ya koma sana'arsa. Ita ce za ta ceci unguwa, kuma babu wanda za ta iya gaya wa, abin da ya fi komai yi mata cakulkuli ke nan.

Ta ɗauki bahon farko za ta juye a magudana, sai Direba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In kin zuba nan, ta kan naki ƙyallen zai bi."

Ta tsaya da baho a hannu. Ashe tsohon yana gani.

"Maigida, Allah ya bar min kai," in ji ta. Ta ja bahunan uku bayan rumfa, duk ruwan ɗauraya ta ƙara a ciki, ta rufe su da tsofaffin katakai.

"Ba za ki sauka ki leƙa naki ba?"

"In leƙa me? Kumfa?"

Direba ya ce hmm, ya tofa wa dutsen guga ruwa ya ji zafinsa.

Kafin la'asar ta yi sanyi ƙyallayen sun sha bula suna kaɗawa a igiya. Ta shiga gida ɗora tukunya, kuma a nan aka yi kuskure, domin Direba mutum ne da ba ya iya ganin yadi a shimfiɗe ya ƙyale shi. Da ta fito ta tarar ya sa musu sitaci, ya goge, ya ninke kowanne gida huɗu, ya jera su kamar za a kai gidan baƙi. Ta riƙe ciki tana dariya, ta ce ba komai, da sun taɓa ruwa karin zai baje. Abin da ba ta sani ba shi ne ba za su taɓa ruwan ba. Da sassafe masu kaya suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓa, kowa ya je ya mayar a turke, kuma kowa ya toshe magudanarsa don kada a ɓata masa aiki.

Alhamis da hantsi jama'a suka taru a bakin mayanka. Duba-gari tana gaba, Masunci yana bin ta, sai sauran masu taro, sai 'yan kallo, sai Direba a can baya da sandarsa. Aka kwance ƙyallen farko. Fari fat, har ya fi ranar da aka yage shi. Duba-gari ta ɗaga shi a rana, ta kai shi hanci, ta rataya a hannu. Mahauci ya shafa tumbi yana duban Bakanike da tausayi.

A gareji ma haka. Mahauci ya daina shafa tumbi. A gidan kaji ma haka, har wani ƙamshi-ƙamshi yake yi. Mutanen uku suka fara satar kallon juna, kowa yana gane abin da ya faru, kowa kuma yana jin haushin an sace masa dabara.

"Ikon Allah," in ji Masunci. "Ashe tsabta ce ta kashe min kifi."

Inna Kumfa ta cusa bakin mayafi a baki. Dariyar ta taso mata tun daga ciki, ta danne, ta fito ta hanci, ta mayar da ita tari. Wata mata ta bubbuga mata baya. Inna Kumfa ce ma ta wuce gaba da aka nufi gada, tana tafe tana rangaji, tana gaya wa mutane su yi hankali da gangare.

Warin ne ya fara tarar su. Tun suna ratsa ciyawa ta ji shi, ta ɗauka daga sama ruwa ya kawo. Da suka ɓulla bakin bututun sai ta ga ƙasar wurin ta yi baƙi, ciyawa ta mutu a kewaye, wata kumfa mai launin toka ta taru tana lilo a gefen ruwa. A jikin turken kuwa wani abu ne ke rataye, mai nauyi, mai yauƙi, wanda sai an rantse maka za ka yarda ran Litinin farin yadi ne. Masunci ya kwance shi da bakin sanda. Wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye biyu matattu suka faɗo daga cikinsa.

Dariyar ta tafi gaba ɗaya. Tsoro ya kama Inna Kumfa, kunya kuma ta biyo baya ta fi tsoron ciwo.

"Inna," in ji Duba-gari a hankali, "wannan bututun naki ne?"

"Nawa ne."

"Kin san abin da aka yarda a kai. Ke kika fara ɗaga hannu."

Ta sani. Ta dubi Mahauci, ya sami wani tsuntsu a sama yana kallo. Bakanike yana nazarin takalmansa. Mai Kaji ta gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Magana uku kacal za ta yi rumfarta ta tsira, kuma ta san hakan sarai. Amma shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa fitar da abin da aka kawo mata a ƙunshe ba. Ban da haka, ko ta tona su, wannan abin da ke kan sandar Masunci ba zai yi fari ba. Ta tuna dutsen uwarta, ta tuna mutum huɗu ma ba za su iya ɗaga shi ba, balle a kai shi wani wuri.

"Ba ni da ta cewa," in ji ta.

Duba-gari ta dube ta. Sannan ta juya ta shimfiɗa fararen ƙyallayen uku a kan wani faffaɗan dutse, ta tsuguna a gabansu.

"Shekarata goma sha biyu a aikin nan," in ji ta. "Na ga kogi mai wari, na ga kogi mai launi. Yau ne na fara ganin kogin da ya iya guga." Ta bi layin ninkin da ɗan yatsa. "Har da sitaci. Sai dai hannunsa bai faɗa ba tukuna. Dubi nan, karin ya karkace."

"Ina ya karkace?"

Kowa ya waiwaya. Direba ne, ya ratso mutane da sandarsa, gwiwar ma ya manta tana ciwo.

"Nuna min inda ya karkace. Shekara takwas ba a taɓa dawo min da guga ba."

Direba ya dubi matarsa, ya dubi yayarsa, sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Duba-gari ta koma kan ƙyallayen. Ta ɗaga kusurwar ƙyallen farko, ga ɗan jan zare a ɗinke. Na biyu baƙi, na uku rawaya. Ta juya bakin farar rigarta ta nuna wa jama'a koren zaren da ke ciki, ta ce kowa ya san hannun da ke wannan ɗinki. Sannan ta ce wa Mahauci, cikin ladabi, ya taimaka ya juyo wuyan rigarsa.

Mahauci ya ce ai shi wuyansa yana ciwo. Masunci ya taimaka masa. Jan zare.

Masunci ne ya fara. Wata irin dariya ta kuɓuce masa, ya ja da baya, ya zauna daɓas a cikin laka bai ma sani ba. Daga nan ta kama kowa. 'Yan kallo suna ta juya wuyan rigunansu suna nuna wa juna zare. Bakanike ya juya nasa da kansa tun ba a tambaye shi ba, yana cewa gara ya huta. Mai Kaji ta dunguri ƙanenta a ka, ta ce tun yana yaro bakinsa ke jawo musu duka, sannan ta juya kan Inna Kumfa.

"Ke kuma amarya, sai da na ce miki kada ki sa min alama."

"Yaya, ba ki ce ba."

"To ai ya kamata ki sani."

Duba-gari ta juya baya tana duba wata takarda da ba komai a kanta, kafaɗunta suna girgiza. Ran nan dai an ga haƙoranta a bakin aiki.

Inna Kumfa ma ta yi dariyar, har da hawaye, domin wanda aka sauke wa dutse daga ƙirji ba ya iya riƙe fuska. Amma tata ta riga ta kowa ƙarewa. Ta karɓi sandar Masunci, ta baje ƙyallenta a ƙasa, ta duƙa tana karanta shi yadda take karanta kowace tufa kafin ta jiƙa.

"Wannan kitse ne," in ji ta, tana nunawa. "Litinin na wanke rigunan mayanka. Wannan baƙin mai ne, Talata kayan gareji. Wannan yauƙin kuma sabuluna ne, shi ya haɗe su."

Dariyar jama'a ta lafa.

"A nan wurin nake tsugunawa ina yarinya in sha ruwa da tafin hannu, uwata tana sama tana kira na. Shekara talatin da ɗaya ina sallamar mutane fes, ina jin daɗin kaina. Ban taɓa tambayar inda dattin ya tafi ba." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ku zo ku karɓi sauran kayanku. Ban gama ba ku ba."

Ta kai su bayan rumfa ta ɗage katakai. Baho uku, sun kwana sun yi tsami. Ba a buƙaci zare ba, kowa ya gane nasa tun daga nesa. Duba-gari ta ce tunda an wanke shaida, ga shaidar nan ta dawo, kowa ya ɗauki abinsa.

Mahauci ya tattare hannun riga, ya sungumi bahonsa, ya juya ya nufi kogi kamar yadda ya saba yi da kowane ruwa tun yana saurayi. Taku uku ya yi ya tsaya. Mutum ashirin da 'yan kallo suna bayansa, Masunci yana gabansa da laka a wando. Ya juya hagu, titi ne. Ya juya dama, rijiyar Inna ce. Bahon yana da nauyi, ruwan yana taɓa masa riga.

"To, ina zan kai shi?" in ji shi.

Da a ce da wannan tambayar aka buɗe taron Asabar, da ba a ɓata yadi ba. Mai Kaji ta ce in jinin ne, ya daina zubarwa, ya tara ya dafa ya shanya, kajinta za su ci a cikin dusa. Masunci ya ce masu lambu na hayin gada kullum neman kashin kaji suke, ita kuwa tana tura shi ruwa. Bakanike ya ce yana da tsofaffin durom shida da ke tare masa wuri, biyu za su ishe shi tara baƙin mai, sauran a yanka a yi abin da za a yi da su. Duba-gari ta tsuguna ta zana rami a ƙasa da tsinke, ta nuna inda tsakuwa za ta zauna, da yashi, da gawayi, yadda ruwan wanki zai kwanta ya tace kafin ya ga kogi. Duk wannan ana yi Mahauci yana tsaye da baho, sai da Direba ya tausaya masa ya ce ya ajiye.

Da ya ajiye ya share gumi, ya ce maganar korar nan shi ya kawo ta, kuma ya janye, domin in za a bi gaskiya shi ne zai fara naɗe tabarma. Ya ce a fara haƙa ramin Inna, tunda dattin kowa ta wajenta yake bi. Wa ya yarda? Hannaye suka tashi. Inna Kumfa ta jira sai da ta ga na kowa a sama, sannan ta ɗaga nata.

Mako uku aka yi ana haƙa, ana jidar yashi, ana faɗa a kan wanda ya fi wani iya riƙe shebur. Da aka sake ɗaura sababbin ƙyallaye, Masunci ya riƙa zagaya su safe da yamma, Duba-gari kuma ta ce a kai mata dutsen gugar Direba ofis ya kwana uku a can. Kullum da safe Inna Kumfa takan sauka gangaren ta tsaya tana kallon nata, hannunta yana ƙaiƙayi, ta harɗe shi a baya. Ran da aka kwance, babu fari a cikin huɗun. Duk sun yi dishi-dishi kamar tsohuwar rigar aiki, amma ba wari, ba yauƙi. Duba-gari ta rubuta cewa an fara gyara, a bar su su ci gaba.

Da jama'a suka watse Inna Kumfa ta koma rumfa ta zauna a kan dutsen uwarta. Tsohon ƙyallen nan na farko yana rataye a ƙusa, ya bushe ya ƙandare, ta hana kowa ya jefar. Ta sauko da shi, ta jawo gwangwanin zare, ta daɗe tana tonawa. Ja na da mai shi, baƙi na da mai shi, kore da rawaya da shuɗi duk an rabar. Kowa yana da zare ban da ita, don ba ta taɓa ɗaukar wani datti a matsayin nata ba.

"Wankewa za ki yi?" in ji Direba.

"A'a."

Ta zaɓi fari, ta zura a allura, ta ɗinka shi a kusurwar ƙyallen inda zai fito sosai, ta mayar da shi kan ƙusar.